Babi na Bakwai: Gadar da Aka Ɗibar wa Shekara Hamsin

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Kogin Hudson ya bi shi da yatsa daga birnin New York zuwa arewa, zai iso wani wuri da kogin ya buɗe har faɗinsa ya kusa kilomita 5, tsakanin garin Tarrytown a gabas da South Nyack a yamma. Ko wanda bai taɓa shiga ajin injiniya ba ya san cewa mai neman kafa gada matsatsin kogi yake nema. Amma a wannan faffaɗan wurin aka dasa Gadar Tappan Zee, aka buɗe ta a watan Disamba na 1955, kuma dalilin ba ya cikin ruwa, yana cikin aljihu. Hukumar Tashoshin Ruwa ta New York da New Jersey ita ke da iko da duk gadar da za a gina a kan kogin cikin tazarar kusan kilomita 40 daga mutum-mutumin 'Yanci, ita ce kuma za ta riƙa karɓar kuɗin fito. Gwamna Thomas Dewey yana son kuɗin nan su shiga asusun sabuwar babbar hanyar jiharsa, wato Thruway, saboda haka aka matsa da gadar arewa, aka ajiye ta daidai bayan iyakar ikon waccan hukuma. Kusan shekara 62 ta yi tana aiki kafin a rufe ta a watan Oktoba na 2017, a mayar da motoci kan sabuwar da aka gina a gefenta da dala biliyan 3.98. Abin da nake son kafawa a wannan babi shi ne, jihar New York ta yi daidai da ta rushe gadar tun tana tsaye da ƙafafunta, kuma babban laifinta a lamarin shi ne shekarun da ta ɓata kafin ta yanke shawara. Masu suka suna da hujjoji, wasu ma masu nauyi ne, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓen wurin shi ya haifi matsala ta farko. A wannan yanki ƙasan kogin laka ce da yumɓu masu zurfi, dutsen da za a dasa ginshiƙi a kai yana can ƙasa sosai, a wasu wuraren ma ba a iya kai masa. Injiniya Emil Praeger ya yi wata dabara da har yau ake jinjina mata: aka zuba manyan akwatunan kankare guda 8 masu rami a ciki, aka jawo su ta ruwa, aka nutsar da su a ƙarƙashin ginshiƙan tsakiya. Iskar da ke cikinsu tana tura su sama, sai su ɗauke kaso mafi yawa na nauyin gadar, ragowar kuma ya sauka a kan turakun ƙarfe. Dogon ɓangaren yamma kuwa a kan turakun itace aka ɗora shi, dubbai, an kafe su cikin laka. An fara aikin a 1952, yaƙin Koriya yana ci, ƙarfe ya yi wuya, kuɗi kuma an ƙayyade su. Da kusan dala miliyan 81 aka gama komai, kuma lissafin da aka yi shi ne gadar ta yi shekara 50. Bai kamata a yi saurin zargin mutanen wancan zamani ba. Sun gina abin da ƙarfinsu ya kai, sun kuma faɗi wa'adinsa, wanda ya cika a 2005. Waɗanda suka gaje su ne suka yi kamar ba su ji ba.

Sannan gadar da kanta ta jawo nauyin da ya gajiyar da ita. A shekarunta na farko motoci kusan 18,000 ke hawanta a rana. Gundumar Rockland da ke gaɓar yamma, wadda a 1950 mutanenta ba su kai 90,000 ba, ta cika da gidajen masu aiki a Westchester da birnin New York, har ta haura mutum 310,000 a ƙidayar 2010. A lokacin motocin da ke tsallakawa kullum sun doshi 140,000, cikinsu har da tireloli masu nauyin da masu zanen 1952 ba su yi mafarkinsa ba. Da layuka 6 suka kasa, sai aka cinye tsakiyar gadar aka fitar da na 7, aka kawo shingen kankare mai motsi. Kowace safiya wata mota ta musamman takan bi shingen tana ɗaga shi guntu-guntu tana ajiye shi gefe, a ba masu tafiya gabas layi 4. Da yamma ta sake bi ta mayar, a ba masu komawa gida. Dabara ce mai kyau, sai dai ta bar gada mai tsawon kusan kilomita 5 ba ta da gefen da mota za ta raɓa ta tsaya. Taya ta fashe a tsakiya, layi guda ya mutu ke nan, motar asibiti kuma sai dai ta bi sahun cunkoso. Hukumar Thruway da kanta ta ce yawan haɗari a kan gadar ya ninka na sauran hanyar.

Tsufan gada a ƙasar sanyi yana da hanyarsa. Da hunturu ana watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya bi ta tsagogin mahaɗa ya sauka kan ƙarafan ƙasa, ya kuma ratsa kankare ya iske rodin da ke ciki. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki. A Tappan Zee abin ya kai daɓen gadar yana ɓurmawa, a sami rami wanda ma'aikaci zai leƙa ya hango ruwan kogi a ƙasa. A rufe shi da farantin ƙarfe kafin dare ya yi a zo a cike. Ƙarƙashin ruwa kuma ga wata fargabar: da aka tsaftace Hudson daga dattin masana'antu, sai aka shiga tsoron dawowar ƙananan halittun ruwa masu huda itace, waɗanda ƙazantar da ta hana su zama a da. Ga shi ba a gina gadar da tanadin girgizar ƙasa irin wanda ƙa'idar yau ta shimfiɗa ba. Mafi muni, zanenta irin na da ne, wanda wasu ƙarafan ba su da mataimaki: idan ɗaya ya karye, babu wani da zai karɓi kayansa.

Hujjar farko ta masu suka ita ce, me ya hana a gyara? Suna nuna Gadar Brooklyn da aka buɗe a 1883, da Gadar George Washington ta 1931, dukkansu sun girmi Tappan Zee kuma suna nan daram. Gaskiya ne, kuma wannan yana nuna cewa yawan shekaru kaɗai ba ya kashe gada. Waɗancan an gina su da ƙarfi fiye da buƙatar zamaninsu. George Washington ma an ƙara mata bene na biyu a 1962 ba tare da an taɓa hasumiyoyinta ba, domin tun farko an yi tanadin haka. Tappan Zee kuwa an yanka ta daidai wa daida. Kuma ba a ƙi gyara ba: an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli a kanta, daga 2007 aka shiga cire daɓenta ana sa sabo, cikin dare, guntu bayan guntu, a kammala kafin asuba don a buɗe wa motoci. Amma abin da za a iya sauyawa daban, abin da ke damun gadar daban. Ana sauya daɓe, ana fenti, ana ƙara ƙarfe. Ba a sauya turakun da ke cikin laka alhali motoci 140,000 na wucewa a sama, ba a kuma ƙara wa gada faɗi idan gindinta ba zai ɗauka ba. Tayar da ta sha faci har faci ya hau kan faci, mai ita yana biyan kuɗin sabuwa ne a hankali, kuma a ƙarshe tsohuwar ce a hannunsa. Da an zuba biliyoyin da cikakken gyara zai ci, da an wayi gari da gada mai layi 7, ba gefen tsayawa, a kan turakun 1952.

Wasu sun ce to a gina sabuwa, a bar tsohuwar ta zama wurin shaƙatawa na masu tafiya a ƙasa da masu keke. Mai karatu a Najeriya zai tuna cewa da aka buɗe gadar Neja ta biyu a 2023, ba a taɓa ta farko mai haɗa Onitsha da Asaba tun 1965 ba, an bar su suna raba kaya. Barin tsohuwa yana da amfani inda ake buƙatar hanyoyin biyu kuma akwai mai ɗaukar nauyin kula da ita. A Hudson, cire motoci daga kan gadar ba zai hana gishirin teku cin ƙarfenta ba, ba zai hana ta neman fenti da bincike da gyara ba, kuma babu kuɗin fito da za ta ƙara kawowa. Babu hukumar da ta fito ta ce ta ɗauki wannan nauyin.

Inda jihar ta yi sake shi ne tsakanin 2000 da 2011. Tun a 2000 wani kwamiti da Gwamna George Pataki ya kafa ya ba da shawarar a sake gadar. Abin da ya biyo baya, a lissafin gwamnatin jihar da kanta, shi ne tarurrukan jin ra'ayin jama'a 430, da zane-zane 150, da dala miliyan 88 da suka tafi a nazari, ba a kafa turke ko ɗaya ba. A watan Satumba na 2008 aka fito da tsari mai ban sha'awa: sabuwar gada, da hanyar motocin bas ta musamman a tsawon yankin, da layin dogo da zai kai fasinja har Manhattan, jimilla dala biliyan 16. A watan nan ne kuma bankin Lehman Brothers ya durƙushe, tattalin arziƙin Amurka ya shiga mawuyacin hali. Tsarin ya kwanta a takarda. Shekara guda kafin nan, ran 1 ga Agusta 2007, gadar babbar hanya ta I-35W ta rufta cikin Kogin Mississippi a Minneapolis da yammaci, mutum 13 suka mutu, 145 suka ji rauni. Binciken hukumar tarayya ya gano cewa wasu farantan ƙarfe da ke haɗa sassanta sun yi siranta tun daga zane, shekara 40 ba wanda ya lura, ana ta ƙara mata nauyi. Jami'an New York sun ga wannan da idonsu, amma sai da suka ƙara shekara huɗu suna taro. Kowace shekara ta jinkiri tana zuwa da kuɗin facinta, farashin ƙarfe da na ƙwadago kuma ba sa jiran kowa.

Andrew Cuomo ya hau kujerar gwamna a Janairu 2011, ya yi abin da magabatansa suka kasa: ya yanke layin dogo da hanyar bas daga tsarin, ya bar gadar kaɗai. A Oktoba gwamnatin Barack Obama ta sa aikin cikin guda 14 da za a gaggauta ba su izini. A Disamba majalisar jihar ta amince a riƙa ba kamfani ɗaya kwangilar zane da gini tare, maimakon tsohon tsarin da gwamnati ke zana komai sannan ta nemi mai ginawa, idan an sami tangarɗa kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa. A ƙarshen 2012 gamayyar kamfanonin Fluor da American Bridge da Granite da Traylor ta ci kwangilar a kan dala biliyan 3.14. Wani abin da ya taimaka wajen sauke farashinsu shi ne wata ƙatuwar ƙugiya mai tafiya a kan ruwa, wadda ke ɗaga fiye da tan 1,700 a tashi ɗaya. Daga San Francisco aka jawo ta, ta mashigin Panama. Da ita, sai a harhaɗa dogayen ƙarafa a kan tudu inda aiki ya fi sauƙi da araha, a ɗoro su a jirgi, ta ɗauka ta aza a kan ginshiƙai. Aka kafa turakun ƙarfe sama da 1,000. Don kada ƙarar dukansu ta kashe kifin sturgeon, wanda doka ta ba kariya, sai aka kewaye turakun da bututu masu fesa iska, kumfar da ke tasowa ta zama labule mai rage ƙarfin amon cikin ruwa. Abin da ya fito shi ne gadoji biyu a jere, hasumiyoyi 8 masu tsayin mita 128, igiyoyin ƙarfe 192, layuka 8 na motoci, da gefen tsayawa, da layin bas, da hanyar ƙafa da keke da aka buɗe a 2020. An zana ta ta yi shekara 100 kafin ta nemi babban gyara.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta layin dogo. Masu ita suna cewa faɗaɗa hanya ba ya maganin cunkoso, gayyatar ƙarin motoci yake yi, kuma tarihin Rockland da muka gani a sama shaida ne a gare su. Suna cewa dama irin wannan sau ɗaya take zuwa a ƙarni, wanda ya gina gada ba jirgi ya ɗaure jikokinsa a kan mota. Ba ni da ja a kan rabin wannan magana. An ce an ƙarfafa gindin sabuwar gadar, an kuma bar fili tsakanin tagwayen domin a iya ɗora dogo nan gaba, amma har yau babu dogon, motocin bas na Hudson Link da suka fara aiki a 2018 su ne kawai abin da fasinja ya samu. Sai dai zaɓin da ke gaban jihar a 2011 bai kasance tsakanin gada mai jirgi da gada marar jirgi ba. Mai jirgin an gwada ta, an yi mata farashi, ta shekara uku ba wanda ya nuna inda kuɗinta za su fito. Mafi yawan tsadar dogon ma ba a kan ruwa take ba, tana kan tudu, inda za a fasa tsaunuka a ratsa unguwanni kafin a haɗu da layukan da ke akwai. Wanda ya ce a jira har a sami biliyan 16 yana cewa ne a ci gaba da aza motoci a kan turakun itace har sai abin da hali ya yi. Ƙarin layi kuma guda ɗaya ne tak, daga 7 zuwa 8. Mafi yawan sabon faɗin ya tafi ne ga gefen tsayawa da bas da masu keke.

A batun kuɗi kuwa masu suka sun fi gwamnati gaskiya. An fara gini ba a faɗa wa jama'a dalla-dalla yadda za a biya ba. A 2012 wani hadimin gwamna ya ambaci cewa kuɗin fito zai iya tashi daga dala 5 zuwa 14, da aka yi ca, sai gwamnan ya ce ya yi yawa, daga nan aka kama baki. An karɓi rancen dala biliyan 1.6 daga gwamnatin tarayya, an zuba wani kaso na tarar da jihar ta ci manyan bankuna, an daskarar da kuɗin fito har ƙarshen 2020, wato bayan an wuce zaɓuɓɓuka biyu. A 2014 ma an yi yunƙurin ranto dala miliyan 511 daga asusun da aka ware don tsaftace ruwa, hukumar kare muhalli ta tarayya ta ƙi amincewa da kusan dukkansu. Laƙaba wa gadar sunan mahaifin gwamna, Mario Cuomo, a 2017, ya ƙara wa mutanen yankin haushi, kuma da yawansu har gobe Tappan Zee suke kiranta. Duk waɗannan laifuffukan masu mulki ne, sun cancanci a faɗa musu. Amma babu ɗaya daga ciki da ya ƙara wa tsohuwar gadar ƙarfi ko da na rodi guda.

Haka nan batun gaggawa. Aikin bai tafi sumul ba. A 2013 wani ƙaramin jirgin shaƙatawa ya yi karo da jirgin dakon kayan aiki cikin dare, mutum 2 suka rasu. A Maris 2016 wani jirgin janwe ya nutse a wurin da ma'aikatansa 3. A Yuli na shekarar wata ƙugiya ta faɗo ta gitta dukkan layukan tsohuwar gadar da rana tsaka, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Daga baya wani tsohon ma'aikaci ya kai ƙara cewa kusoshin da ke ɗaure ƙarafan suna karyewa ana ɓoyewa. An sasanta a kan dala miliyan 2, hukumar manyan hanyoyi ta tarayya kuma ta duba a 2021 ta ce ba ta ga abin da ke barazana ga masu wucewa ba. A 2024 hukumar Thruway da kanta ta maka 'yan kwangilar a kotu kan wasu sassan da ke riƙe igiyoyin, tana cewa ba su cika ƙa'ida ba, ko da yake ta ce gadar lafiyarta ƙalau. Wannan ya isa ya nuna cewa ba kamfani zane da gini tare ba ya sauke wa gwamnati nauyin sa ido. Bambancin dai shi ne, aibin sabuwar gada ana ganinsa, ana iya kai masa hannu, akwai kuma wanda za a kama ya biya.

Gaggawa ta gaske ita ce wadda ake yi bayan gada ta faɗi. Ran 14 ga Agusta 2018, saura makonni a buɗe ɓangare na biyu na sabuwar gadar Hudson, Gadar Morandi ta karye a birnin Genoa na Italiya, mutum 43 suka mutu. Gadar 1967 ce, ita ma an daɗe da sanin tsatsa na cin ƙarfen da ke cikin kankarenta, ana ta shirin gyara. Genoa ta gina sabuwa cikin shekara biyu, Minneapolis ta gina tata cikin wata 13, duk an yaba musu. Amma sun biya kuɗin ginin da za su biya ko da ma, suka ƙara da rayuka, da diyya, da shari'a, da tsawon lokacin da gari ya zauna a yanke biyu. A Hudson ba a yi kwana ɗaya babu hanyar tsallakawa ba: an buɗe rabin sabuwar a Agusta 2017, aka kwashe motoci daga tsohuwar a Oktoba, aka buɗe ɗaya rabin a Satumba 2018. Ko wannan buɗewar sai da ta ɗan jinkirta, domin ma'aikatan da ke kwance tsohuwar sun ji wata ƙara mai ƙarfi daga cikin ƙarafanta, aka janye su. Ba zan kafa hujja da wannan ba, tun da gadar da ake cikin warwarewa ba ta tsaye yadda aka zana ta. Abin da ya biyo baya dai shi ne an ga ɓangaren ba zai kwantu da hannu ba, ran 15 ga Janairu 2019 aka sa masa nakiya ya sauka cikin kogi.

Ba a yi asarar gawar ba. Sabbin sassan daɓen da aka sa mata a shekarunta na ƙarshe, sama da 130, an sayar wa gundumomi da ma'aikatar sufuri ta jihar a kan dala 1 kowanne, su gyara ƙananan gadojinsu. Wani kankaren da ƙarfen an kai shi teku a gefen Long Island an nutsar, ya zama maɓoyar kifi. Kuɗin fito kuwa ya fara hawa a 2021, kuma bisa jadawalin da hukumar Thruway ta amince da shi, mai ƙaramar mota da ke biya ta na'urar E-ZPass ta New York zai riƙa ba da dala 7.75 a 2027. Masu bin hanyar za su daɗe suna biya, kuma suna da haƙƙin su ci gaba da tambayar ina jirgin da aka ce an bar wa wuri. A kan rushe tsohuwar gadar kuwa, hukuncina shi ne an yi daidai, an dai makara da shekara goma.